Da Shi Nake Kwana

Duk abin da ya faru a gidan tsohon hedimasta ranar Juma'ar nan, babban yatsan Auta ne ya jawo shi.

Da ƙarfe tara ta buɗe shago kamar kullum. Ta share, ta kakkaɓe kantoci, ta mayar da littattafan da aka dawo da su jiya kowanne gurbinsa. Shagon na Babanta ne, tsohon hedimastan. A nan ya gwada sayar da alli da biro bayan ya yi ritaya, kasuwa ta nuna masa ita ba ɗalibarsa ba ce, ya haƙura ya miƙa wa autarsa mukulli. Ita kuwa ta cika wurin da littattafan hikaya na haya, ta ajiye kwamfuta a lungu tana tura wa mutane fina-finai a waya.

Amma ba da shagon aka fi saninta ba, da guruf ɗinta ne, 'Yan Bango-da-Bango. Mutum ɗari uku da 'yan kai, yawancinsu mata, kowace Juma'a suna jiran Auta ta faɗa musu abin da za su karanta da abin da za su kalla. Doka biyu ce kacal a guruf ɗin, kuma ita ta kafa su: ba a yabon abin da ba a gama ba, ba a kuma faɗa wa mutum ƙarshen labari. Ta taɓa korar ƙawarta ta ƙut da ƙut saboda ta karya ta biyun.

Ta zauna, ta gyara murya, ta danna wurin ɗauka.

"Assalamu alaikum 'yan uwa, Juma'a ta zagayo, ga jerinku. Fim tukuna. Ku nemi *Laima Ɗaya, Mu Uku*, amma kada ku kalle shi kuna cin abinci, wallahi sai kun ƙware. Tsohon da ya fito a mai gadi shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Mai son kuka kuma ta kalli *Agogon Kakata*, ta tanadi hankici. Wancan mai dogon zangon da kuke ta tambayata ban gama shi ba, don haka bakina alaikum. A littattafai, *Maƙwabcin Bene* ba laifi. Farkonsa yana jan ƙafa, amma ku daure zuwa babi na huɗu, ba za ku yi da na sani ba. Sai gwanin wannan makon, *Wasiƙa Ta Goma Sha Ɗaya*. Wannan kam ku jira ni, maganarsa daban ce."

Ta tura, domin wata mata ta shigo tana neman a sa mata fim ɗin yara. Kafin ta sallame ta, Gwaggo ta jefa hoton furanni da gaisuwar safiya a guruf ɗin dangi, guruf ɗin ya hau can sama. Auta ba ta duba ba. Yatsa ya saba, ta danna na sama, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

"To, na dawo kan mutumin namu. Wallahi 'yan uwa ya tafi da imanina. Kwana huɗu ke nan ban rabu da shi ba, da shi nake kwana, da shi nake tashi. Shekaranjiya Umma ta ƙwanƙwasa ƙofa, na yi wuf na tura shi ƙarƙashin gado, sai da ta fita na jawo abina. In kun gan shi a ido ba za ku ce wani abin kirki ba ne, ba shi da wani kyan gani, amma cikinsa! Duk mai cewa in rabu da shi ɓata bakinsa kawai yake yi. Wadda take so ta zo shago ta same shi, amma bi da bi, kada ku yi mini rububi."

Ta ajiye wayar tana murmushi, ta koma kan aikinta.

Minti ashirin ba su cika ba wayar ta fara kuka. Yayanta ne.

"Ki rufe shagon nan ki zo gida yanzu."

"Lafiya, Yaya?"

"Ni kike tambaya lafiya? Ki buɗe guruf ɗin dangi."

Ya kashe.

Ta buɗe. Ga muryarta nan zaune ƙarƙashin furannin Gwaggo, mutum talatin da ɗaya sun riga sun saurara. Har da kawunta mai ciwon kunne.

Sai dariya ta kuɓuce mata, ta yi ta har da hawaye, ita kaɗai a tsakanin kantoci. Dariyar ba ta daɗe ba, domin ta tuna wanda duk dangin za su ɗauka take nufi.

Mai Zare.

Haka take kiransa, ko da yake shi Yaya, Malam Gam yake ce masa. Sana'arsa ɗinkin littattafai. Shekara uku ke nan duk littafin da ya yage a shagonta wurinsa take kai shi, ya dawo kamar ba a taɓa taɓa shi ba. A tsakanin kai da karɓa aka fara musu kan labarai, daga musu aka koma abin da ya fi musu. Mako uku da suka wuce ya aiko da maganar aure, Baba ya mayar da ɗan aiken tun daga ƙofa.

"Wa yake karanta takarda yanzu?" in ji Baba a ranar. "Mutumin da sana'arsa take mutuwa a hannunsa zan ba 'yata? Kin kai shekara ashirin da tara kina kore masu neman aure saboda ba su yi kama da mutanen cikin tatsuniyoyinki ba. Ba zan yi miki dole ba. Amma in na sake jin sunansa a bakinki, ko na ji kin taka wurinsa, ki kawo mini mukullina."

A madadinsa Yaya ya kawo abokinsa, manajan wani kantin tayil, mai ƙamshin turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Gobe Asabar manyansa za su zo gaisuwa wurin Baba.

Mako uku Auta tana biyayya. Ba ta je ba, ba ta kira ba, ta haɗiye abinta. Yau ga sakamakon biyayyar: mutum talatin da ɗaya, jininta, sun yarda ta ɓoye ƙato a ƙarƙashin gado, ba wanda ya kira ya ce ko kuskure ne.

Ranta ya ɓaci ba kaɗan ba.

Ta ɗauki jakarta. Har ta kai ƙofa ta dawo, ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko wani littafi da aka dawo mata da shi jiya da yamma, ta jefa a jakar. Ta ja ƙofa ta datse. Da ta fito titi, ba hanyar gida ta bi ba.

* * *

Wurin aikin Mai Zare ƙarƙashin matattakalar wani bene ne, kusa da masu kwafin takardu. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, gwangwanin gam, da wani ƙarfen matse littattafai da ya girme shi. Ta same shi ya sunkuya kan wani ƙamus da ya rabu gida uku, allura a hannu, zare a baki.

Ya ɗago ya gan ta, zaren ya faɗi.

"Malama! Me ya kawo ki? Kin manta abin da Baba ya ce?"

"Ban manta ba. Saurari wannan."

Ta kunna masa saƙon. Yana ji fuskarsa tana sauyawa, da aka zo wurin ƙarƙashin gado ya dafe kai.

"*Wasiƙa Ta Goma Sha Ɗaya* kike nufi."

"Ka gani? Kai ko sunansa ban faɗa ba ka gane. Su kuwa kai suka gani a ƙarƙashin gadona."

"Ni?" Ya dubi tsawonsa, ya dube ta. "Ina ni ina shiga ƙarƙashin gado?"

"Ba wasa na zo yi ba, Malam."

Ya ajiye allurar, ya goge hannu a tsumma, ya daɗe yana gogewa kamar akwai wani gam da ya ƙi fita.

"To ki ji. Ki tafi gida ki ce musu littafi ne. Ki nuna musu saƙon farko. Za su yi dariya, magana ta mutu. Daga nan ki yi shiru, kada ki ƙara ko kalma ɗaya."

"Gobe fa? Goben ma in yi shiru?"

Ya mayar da idonsa kan ƙamus ɗin.

"Na ce goben ma in yi shiru?"

"Malama, shagon nan shi ne rayuwarki. Na san yadda kika tara littattafan nan ɗaya bayan ɗaya, rabinsu ta hannuna suka bi. In aka karɓe mukullin saboda ni, da wane ido zan dube ki? Me nake da shi da zan ba ki a madadinsa? Wannan lungun?"

Hawaye suka cika mata ido, ta ƙi bari su zubo, suka zubo duk da haka.

"Wato ka haƙura."

"Ban haƙura ba. Wallahi mako ukun nan ko layi ɗaya ban karanta ba, in na buɗe littafi muryarki nake ji tana yi mini gardama. Amma gara in rasa ki kina tsaye da ƙafarki, da in same ki an raba ki da komai."

"Ka ji ka! Wannan ita ce irin maganar da nake tsana a littafi. Jarumin da zai sadaukar da mace ba tare da ya tambaye ta ba, sannan ya zauna yana jiran a tausaya masa. Sau nawa muka zagi irinsu ni da kai a wurin nan?"

Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Zagin na littafi yana da sauƙi."

"To ni ba a rubuta ni ba tukuna, balle wani ya yanke mini ƙarshe." Ta share fuska da gefen mayafi. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Kwalin *Wasiƙa Ta Goma Sha Ɗaya* da ya zo wancan watan, kwafi nawa ka yanka wa shafuka?"

"Tara. Goma ne, amma kin ce wani ya ɗauki ɗaya tun kafin a kawo mini."

"Shi ke nan."

"Me za ki yi?"

"A guruf ɗinmu ba ma faɗin ƙarshe," in ji ta, ta juya.

* * *

Falon gidan ya cika kamar ana zaman makoki. Baba yana kujerarsa, jarida a ninke a cinya, tabarau a kan hanci. Umma tana gefe idanunta sun kumbura. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta baje a kan kafet da waya a hannu, da alama ta kunna saƙon nan ya fi sau goma. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana huci. Manaja kuwa yana kan kujerar baƙi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya yi fuskar wanda aka zalunta.

Auta ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida Baba. Bai amsa ba.

"Ga ta nan," in ji Gwaggo. "Ga 'yar albarka. Bi da bi, in ji ta! Kada a yi mata rububi! Ni dai yau na ji abin da kunnena bai taɓa ji ba."

"Auta," Umma ta faɗa muryarta tana rawa, "ashe ranar da na shigo kawo miki wanki... ashe..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Manaja ya yi gyaran murya. "Baba, in za a ba ni dama. Ni mutum ne mai fahimta. Kowa yana kuskure. Ni dai a wurina na yafe mata, maganar gobe tana nan yadda take."

Auta ta juyo ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Ka yafe mini me?"

"Ke!" Yaya ya daka mata tsawa. "Mutum yana rufa miki asiri kina masa rashin kunya? Ba don shi ba wa zai kalle ki bayan wannan? Na shiga ɗakin naki ai, na duba ƙarƙashin gadon."

"Me ka gani?"

"Da zai tsaya ne in same shi? Ba komai sai takalma da wani littafi."

"Wane littafi?"

"Ina ruwana da wane littafi!"

"Don Allah Yaya, je ka ɗauko shi. Shi ne mutumin."

Auta ta ciro wayarta, ta kunna saƙon farko, wanda ya tafi inda ya kamata. Muryarta ta cika ɗakin tana lissafa fina-finai, har ta zo kan gwanin mako, ta ce a jira ta, maganarsa daban ce. Ta nuna wa Baba lokacin da aka tura na farko da lokacin da aka tura na biyu, minti shida tsakani.

Umma ce ta fara fahimta. Ta dafe ƙirji, kukanta ya rikiɗe ya zama dariya, ta rasa wanne za ta yi.

"Littafi! Wayyo ni, littafi! Ja'irar yarinya, kin kusa kashe ni!"

Gwaggo ta taɓe baki, ta kife wayarta. Kowa ya ga ba haka ta so labarin ya ƙare ba. Yaya ya koma duban silin kamar yau ya fara ganinsa.

Baba ya cire tabarau, ya murza ido, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi. Na hana shigo da tatsuniyoyin nan gidana, ga irin abin da nake gudu. Amma wannan mai sauƙi ne. Yanzu ki ɗauki wayarki, ki faɗa wa dangi littafi kike nufi, kuma babu komai tsakaninki da wannan mai ɗinkin. A rufe maganar kafin baƙin gobe."

A nan ne ya kamata Auta ta ce to. Kowace 'ya mai hankali da to za ta ce, ta tsira da shagonta da mutuncinta. Amma ita tun tana ƙarama ba a taɓa saninta da irin wannan hankalin ba.

"Rabin farko zan faɗa, Baba. Rabin na biyu ba zan iya ba."

"Me kika ce?"

"Littafi ne a ƙarƙashin gado, wannan gaskiya ne. Amma in na ce babu komai tsakanina da shi na yi ƙarya. Ina son sa. Daga wurinsa ma nake yanzu."

Umma ta ce, "Innalillahi." Gwaggo ta sake ɗaukar wayarta, fuskarta ta washe.

"Ka ji ko, Baba?" in ji Yaya. "Littattafan nan sun gama da ƙwaƙwalwarta."

Manaja ya ga abin yana neman kuɓuce masa, ya yi maza ya saka baki da murmushi.

"A'a, kada a ga laifin karatu. Ni ma ai ma'abocin karatu ne, ita ma ta sani. Wannan littafin da ake magana, ni na fara ɗaukarsa tun daga cikin kwali. Na karance shi tas, jiya na mayar mata. Wallahi ƙarshensa har ƙwalla ya sa ni. Ka ga Baba, ra'ayinmu ɗaya ni da ita."

Da ya san abin da ke cikin jakarta, da ya bar bakinsa a rufe.

Auta ta zuge jakar a hankali, ta ciro littafin, ta matsa da gwiwa ta ajiye shi a kan jaridar Baba.

"Ga wanda ya karance tas ɗin, Baba. Don Allah ka buɗe mana ƙarshen da ya sa shi ƙwalla."

Baba ya mayar da tabarau. Ya buɗe bango, ya wuce shafi na ɗaya, na biyu, har na goma sha shida. Daga nan ya lashi yatsa ya ja, takarda ta ƙi. Ya sake ja. Shafukan a haɗe suke ta sama, takwas takwas, tun daga nan har bangon baya.

"Haka suka zo daga wurin bugawa," in ji Auta. "Ba a yanke bakinsu ba. Sai an bi su da wuƙa ɗaya bayan ɗaya kafin su buɗu. Wata guda littafin nan yana hannunsa."

Duk ido ya koma kan Manaja.

"Ai... a waya na ƙarasa shi."

"Ba a sa shi a waya ba."

"To wani ne ya ba ni labarin..."

"Ya isa," in ji Baba, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Shekara talatin da biyar ina koyarwa. Yaron da bai yi karatu ba ina yi masa uzuri. Wanda bai yi ba ya ce ya yi, shi ne ban taɓa iya zama da shi ba."

Manaja ya sauke ƙafar da ya ɗora. Gumi ya fara gardama da turaren.

"Haba Baba," Yaya ya ce, "saboda ɗan littafin soyayya? Aure za a yi ko jarrabawa? Mutumin nan yana da aikinsa, yana da gidansa, yana da..."

"Ban tambaye ka ba."

Auta ta ga ƙofa ta ɗan buɗe, ta tura ta da ƙarfinta duka. Hawaye suna bin kumatunta, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Baba, mutum ɗari uku suke jin maganata duk mako. Ba don na fi su ilimi ba, sai don sun san ba na yaba musu abin da ban karanta da idona har bango ba, ba na kuma kushe abin da ban buɗe ba. A wurinka na koyi haka, kai ne ba ka sa maki a takardar da ba ka duba ba. To sau nawa ka zauna da wannan da kake yaba mini? Sau biyu, kuma duk Yaya ne yake magana a madadinsa. Wancan da ka kushe kuwa ko fuskarsa ba ka sani ba. Daga ƙofa ka sa masa sifiri."

"Auta!" Umma ta kama hannunta. "Babanki kike faɗa wa haka?"

Fuskar Baba ta ɗaure tamau. Ba a taɓa yi masa haka a gidansa ba, balle a gaban baƙo.

"Ni kike koya wa gyaran takarda?"

"Ban isa ba, Baba."

"Na ce in kika taka wurinsa ki kawo mini me?"

Ba ta jira ya maimaita ba. Ta ciro mukullin daga jaka, ta zare shi daga zoben da ke ɗauke da ɗan ƙaramin littafin fata da Mai Zare ya ɗinka mata, ta ajiye mukullin a hannun kujerar Baba. Zoben ta mayar jaka. Shekara shida na rayuwarta ne ta ajiye a wurin, kuma ta san Baba ba ya magana biyu.

"Ga shi. Shagon naka ne. Amma ko an rufe shi shekara goma, amsata ba za ta sauya ba."

Manaja ya duba agogo, ya ce yana da wani uzuri a kanti, ya yi sallamar da ba wanda ya amsa sai Gwaggo. Yaya ya bi shi waje yana kiran sunansa.

Baba ya ɗauki mukullin, ya juya shi a tafin hannu, ya jefa a aljihun gaba. Auta ta ji ƙararsa da ya haɗu da biro. Ta yunƙura za ta tashi.

"Ban sallame ki ba."

Ta koma ta durƙusa.

Littafin yana nan a cinyarsa. Ya sake gwada shafi na goma sha bakwai da farce, ya leƙa ta tsakanin takardun da ido ɗaya, ya ga ba zai karantu ba. Ya yi tsaki.

"Sauran kwafin wa ya yanka su?"

"Shi ne, Baba."

"Bai yaga ba?"

"Ko ɗaya. Ga nawa can a ɗaki in kana son gani."

"A ƙarƙashin gado," in ji Gwaggo.

"Ba na son naki," in ji Baba. "Wannan nake so. Ki aika masa ya zo gobe da ƙarfe goma, da wuƙarsa, ya zauna a nan gabana ya buɗe mini shi shafi bayan shafi. Zan ga yadda yake aiki, in ji yadda yake magana."

"Gobe?" Umma ta ce. "Baƙin fa?"

"A ce musu ina da karatu."

Auta ta ɗago, ta zuba masa ido.

"Kada ki yi mini wannan kallon," in ji shi yana nuna ta da yatsa. "Ban ce na yarda ba. Mukulli yana aljihuna sai na gama littafin nan, in ga abin da ya sa 'yata ta tsaya a gabana tana mayar mini da magana. Shafi nawa ne?"

"Ɗari uku da goma sha biyu."

"Kuma da jan biro nake karatu, ba na sauri."

"Zan jira, Baba."

Ya juya littafin ya karanta 'yan layukan da ke bayan bango, leɓensa yana motsi. Sannan ya tambaya, ba tare da ya dube ta ba, kamar abin bai dame shi ba.

"Ita yarinyar cikin labarin, a ƙarshe uban nata ya bar ta ta auri wanda take so?"

Auta ta share hawayenta da bayan hannu, ta miƙe tsaye.

"Ka yi haƙuri, Baba. Mu ba ma faɗa wa mutum ƙarshe. Sai ka kai wurin da kanka."